Wa ya raini Haɗejiya: kogi, dogo ko inji?

Malamin Auyo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya na zo da ita, kuma kunya ce ta koro ni. Jiya ina koya wa 'yan aji shida darasin garuruwa, na ce musu wani garin kasuwa ce ta haife shi, wani sarauta, wani ma'adini, wani masana'anta. Sai wata yarinya da babanta ke kai shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, inji ta ɗaga hannu ta ce, Malam, to Haɗejiya fa, wanne ne? Na buɗe baki zan ce sarauta, sai na tuna kasuwar kifi. Zan ce kifi, sai ƙugin injinan casa ya faɗo mini a rai. Ƙarshe na ce mata ta bari sai Litinin. Yau Alhamis. Don Allah wanda ya san wani abu ya cece ni kafin yara su raina ni.

Ɗan Kura:
Wa'alaikumus salam Malam. Ai mai sauƙi ce. Ka ce mata Kano ce ta haife shi, tunda ragowar ruwanmu suke sha.

Ɗan Guri:
To, an fara. Ko minti biyar ba a yi ba.

Shugaban Zaure:
Ɗan Kura, mun san halinka. A bar Malam ya sami amsa tukuna, in an gama sai ku yi ta.

Mai Taswira:
Malam, wasan Ɗan Kura akwai ƙashin gaskiya a ciki, bari in fara daga nan. Kogin da ya wuce ta gefen Haɗejiya ba a Jigawa aka haife shi ba. Koguna biyu ne, Kogin Kano da Kogin Challawa, suke haɗuwa kudu da birnin Kano, su gangaro ta Wudil, su wuce Ringim, sannan su iso mana. Abin da nake so ka nuna wa yaran shi ne canjin ƙasa. Daga Wudil zuwa sama, ƙasan kogin dutse ne, ruwan sama ba ya nutsewa da yawa, rafuka suna ta zubo masa. Daga wajen Wudil zuwa ƙasa kuwa an shiga yankin yashi na kwarin Tafkin Chadi. Nan kogi ya daina karɓa, ya koma bayarwa. Yashi na sha, rana na sha, fadama na sha.

Ƙasar tamu kuma shimfiɗe take kamar faifai, sai dogayen tuddan yashi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa saukowa nan. Su ne jigayi, daga nan jihar ma ta samo sunanta. Ruwa in ya rasa gangara ya kuma ci karo da tudu, rabuwa yake yi. Shi ya sa tun kafin a iso Haɗejiya reshen Kafin Hausa ya balle, bayan an wuce garin kuma ya sake tsagewa: ga tsohon kogin Haɗejiya, ga Burum Gana, ga Marma da ta nufi tafkin Nguru. Abin da ya tsira yana haɗuwa da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa, a sami Kogin Yobe, shi kuma ya tafi Chadi.

Yanzu ka ɗora garin a kan wannan hoto. Yana zaune a arewacin kogi, a kan ƙasar da ta ɗan ɗaga, daidai bakin inda fadama ke fara buɗewa. Mai kifi daga gabas, mai gero daga tudun arewa, mai shanu da ke neman burtali zuwa ruwa, mai jaki da ke neman mashigi, duk nan hanyarsu ke haɗuwa. Ni a ganina amsar yarinyar ke nan.

Malamin Auyo:
Allah ya ƙara basira Yaya. Wannan na kogi ya daina karɓa ya koma bayarwa, da shi zan buɗe darasin.

Jikan Dogari:
Mai Taswira ya yi bayani mai kyau, amma in wurin zama kaɗai ke yin gari, me ya hana Auyo zama babban birnin? Malam, ka yi haƙuri, garinku ya girmi Haɗejiya a labarin da muka gada, kuma shi ma a bakin ruwan yake. Garun Gabas fa? Ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai, yau ƙauye ce a ƙasar Malam Madori. Kafin jihadi ƙananan sarautu ne a warwatse a wannan yanki, Auyo, Garun Gabas, Haɗejiya, Gatarwa, Kazura, Fagi, Dawa, kuma Barno suke bi ta hannun Galadima da ke Nguru. Haɗejiya ɗaya ce kawai cikinsu. Ko labarin sunan ma na maharbi ne, Haɗe da matarsa Jiya, wato ba wani babban abu ba ne a farko.

Abin da ya ɗaga ta shi ne Fulanin da suka karɓo tuta. Umaru aka fara ba wa, ɗan'uwansa Sambo ya hau sarauta wajen 1808, ya shiga garin ya mai da shi hedikwata, ya faɗaɗa ganuwa, sauran garuruwan suka dawo ƙarƙashinsa. Daga ranar haraji ya fara tafiya Haɗejiya, shari'a Haɗejiya, malamai da maƙera da marina da dukawa suka bi sarki. Mai sana'a inda fada take yake zama, domin nan mai saye yake.

Sannan Sarki Buhari. Duk abin da mutum zai ce game da shi, shi ne ya sa sunan garin ya shiga kunnen kowa daga Sakkwato har Kukawa. Ya hau a 1848, Sakkwato ta tuɓe shi ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo ya ƙwace kujerarsa da ƙarfi, ya yi shekara goma sha biyu ba ya bin umarnin Sarkin Musulmi, har ya rasu a 1863 wajen yaƙin Gogaram a ƙasar Bade. A 1906 kuma, lokacin da Kano da Sakkwato sun shekara uku a hannun Turawa, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka shiga garin da manyan bindigogi a watan Afrilu, ya yi shahada shi da ɗimbin mutanensa. Ruwa bai yi wannan ba, Malam. Maza ne suka yi.

Bamangen Birniwa:
Jikan Dogari, a yi a hankali da yabon Buhari a zauren da ke da mutanen ƙauye. Kakata in yaro ya ƙi barci da sunansa take tsorata shi. Abin da ya zama kirari a cikin ganuwa, a wajenta gudu ne cikin dare da rumbu a ƙone.

Jikan Dogari:
Ban musa ba ɗan'uwa. Cewa na yi ya sa an san garin, ban ce waliyyi ne ba.

Mai Taswira:
Kuma ka tambayi kanka dokin Buhari me yake ci da rani. Sarkin da ke da fadama yana da ciyawa wata goma sha biyu. Ko taurin kai sai da abin da ya dogara da shi.

Baba Reluwe:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Na ji ana ta kogi da sarauta, ba wanda ya ambaci layin dogo, kuma in ba a yi maganar dogo ba ba a fahimci dalilin da ya sa garin ya yi jinkirin samun masana'anta ba.

Jirgi ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tafi Nguru an gama shi a 1930. Ku duba inda ya bi: ya taɓa kogi a Ringim, daga nan sai ya hau tudu, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, Nguru. Bai shiga Haɗejiya ba. Bature ba ya son shimfiɗa ƙarfe a ƙasar da ruwa ke kwanciya, kuma abin da ya zo ɗauka gyaɗa ce, ita kuwa gyaɗa a jigawa take yi, ba a fadama ba. To sai tashar Haɗejiya ta zama Malam Madori. Kantunan Turawa can, sikeli can, Kwarori masu sayen gyaɗa can, 'yan dako da masu abinci da mutanen Kudu ma'aikata duk can. Lokacin da na fara aiki, in kaka ta yi, buhunan gyaɗa ake jerawa sama da tsayin gida, ga fatu da ƙiraga, ga ƙaro, ga shanu ana lodawa zuwa Ikko. Sarki yana Haɗejiya, kuɗi suna Malam Madori. Mutumin Haɗejiya in zai je Kano sai ya fara zuwa wurinmu.

Sai farin nan na 1973 ya zo, bayansa cuta ta faɗa wa gyaɗa, ga kuɗin fetur sun sa gwamnati ta daina waiwayar noma. Kwalta ta yi kyau, tirela ta ƙwace kaya. Da idona na ga tashar da ba ta barci ta koma wurin shanyar barkono. Cinikin da dogo ya ɗauke wa Haɗejiya, mota ce ta mayar mata da shi. Wannan shi ne abin da na gani, ban karanta a littafi ba.

Malamin Auyo:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba. Wallahi na sha wucewa ta tashar nan ban taɓa haɗa ta da tarihin Haɗejiya ba.

Ɗan Kura:
Baba ya gama magana. Amma Baba, ka ga inda zancen ya dawo? Gyaɗa ta mutu, me ya maye gurbinta? Shinkafa da alkama da kayan lambu na rani. Wa ya kawo ruwan rani? Madatsar Tiga. Audu Bako ya gina ta, aka gama a 1974, aka ƙara da madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye a 1992. Kafin nan kogin naku da bazara yashi ne, yara na ƙwallo a ciki. Yau ana sako muku ruwa har a watan Maris. Injinan casar da Malam ke jin ƙuginsu me za su casa in ba don wannan ba? Ku dai ku ce mun gode.

Ɗan Guri:
Shugaba, ka ce a bari Malam ya sami amsa. Ya samu. Yanzu a ba ni fili.

Ɗan Kura, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Kai kana Kura, kanal na wucewa ta bayan gidanku, ka buɗe ka rufe yadda ka ga dama. Bari in gaya maka yadda kyautar taku take isowa wurinmu.

Da can, in damina ta yi nisa, ruwa yakan zo da ƙarfi lokaci guda, ya share hanyarsa, ya malale fadama. Kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Mu shuka shinkafa tun kafin ya iso, ta tashi tare da shi. In ya fara janyewa mu bi danshin da wake da rogo da kuɓewa, masunta su tare bakin kududdufai, daga baya Fulani su sauko da shanu su cinye abin da ya rage su bar mana taki. Fili ɗaya, amfani huɗu a shekara, ba wanda ya sayi litar fetur. Da rani kuma kogin ya bushe ƙaf, kuma wannan bushewar da kake yi wa dariya ita ce maganinmu, domin duk ciyawar da ta tsiro a hanyar ruwa rana ta kashe ta, shanu su tattake, wuta ta cinye.

Da aka datse, babban ruwan nan mai shara ya ragu, ƙaramin ruwa kuma ya daina yankewa. Laka ta kwanta a hanyoyin. Kacala kuwa, doguwar ciyawar ruwan nan, abin da take so ke nan a duniya, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta cika hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsayi, kwalekwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga. Ruwa ya rasa hanya sai ya bi inda ya samu. Wani gari ya nutse shekara da shekaru, gonar da kakanka ya noma ta zama tafki, wani garin kuma da ke kan reshen da ya toshe ko na wanke hannu ba ya gani. Gonar mahaifina tana nan ƙarƙashin kacala, na san wurin da itacen giginya kawai. Sannan tsuntsun jan-baki ya sami gidan kwana a cikinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar shinkafa tun asuba yana kaɗa gwangwani yana ihu har muryarsa ta dushe ya san abin da nake faɗa. Sauro kuma ba a magana.

To mun gode, Ɗan Kura. Allah ya saka.

Ɗan Kura:
Subhanallahi. Ɗan'uwa wasa nake, ban san abin ya kai gonar gado ba. Allah ya mayar da alheri. Amma tsakani da Allah, laifin madatsa ne ko laifin rashin yashe hanyoyin? Mu ma nan kacala na cin kanal, gayya muke yi mu shiga da lauje. Kuma kada ka manta birnin Kano da miliyoyin mutane daga kogunan nan suke sha. A fasa Tiga ne?

Ɗan Guri:
Ba wanda ya ce a fasa. Gayya kuwa mun yi har mun gaji, mutum ya wuni cikin ruwa zuwa ƙirji, matsattsaku na cizo, bayan wata biyu ta dawo kamar an yi mata taki. Abin da masana suka daɗe suna faɗa shi ne a riƙa sakin ruwan yadda ya saba zuwa: a sako da yawa a lokacinsa, a kuma ɗauke na wasu makonni da rani hanyoyin su bushe. Amma wa zai yarda a ɗauke, alhali tumatirinka na fure?

Ɗan Kura:
Gaskiya ba ni ba.

Mai Taswira:
To kun ga matsalar a bakin mutum biyu. Abin da zan ƙara shi ne, yau yawancin ruwan da ke isa Gashuwa na Jama'are ne, domin shi ba a datse shi ba. Madatsar Kafin Zaki da aka shirya a Bauchi ba a kammala ta ba, kuma mutanen Yobe da Barno na cikin masu adawa da ita saboda sun ga abin da ya sami ɓangarenmu. Akwai kuma abin da ba a ambata ba: unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa, inda kamfanonin jima suke, a kan wannan ruwan suke zaune. Abin da aka zubar can ba ya tsayawa can.

Bafillacen Kaugama:
Kowa na kuka da gonarsa. Mu da aka noma burtalinmu da mashayarmu fa? Fadamar da muke sauka da rani yanzu shinkafa ce daga bakin ruwa har bakin ruwa, ko'ina injin ban-ruwa na tari. In saniya ta sa baki a ce Bafillace ya yi ɓarna. Ban ce kada a yi noma ba, ni ma ina ci. A dai bar mana hanyar da za mu kai su ruwa.

Bamangen Birniwa:
Kai bawana, wa ya ba ka waya? Je ka ka tatso mini nono tukuna.

Bafillacen Kaugama:
Ji Babarbare. Mutanen da Sambo ya karɓe wa ƙasa da sandar kiwo. Yi shiru manya na magana.

Shugaban Zaure:
Ku biyun nan ko a lahira sai an raba muku layi.

Inna Mai Gumi:
Sallama gare ku. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran in ga ko wani zai tuna da mu, shiru. Malam, 'yar nan da ta yi maka tambaya, ka tambaye ta wa ke turara shinkafar kafin babanta ya kai inji. Ku maza in an ce masana'anta sai ku hango dogon gini da bututun hayaƙi da mai gadi a ƙofa. Ku leƙo bayan gidajenmu.

Ni shekarata ashirin da wani abu ina gumi. In sayo shanshera, in wanke in tsame ƙaiƙayi da marar ido, in jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, da asuba in ɗora rabin ganga a wuta in turara har ɓawon ya fara tsagewa, in baza a tabarma ko leda. Shanyar ma ilimi ce. In rana ta buge ta da yawa lokaci guda, a inji za ta kakkarye ta zama ta tuwo, kuɗinta ya faɗi. In ba ta bushe ba ta yi wari. Sai an juya, an ja inuwa, an gwada da haƙori. Daga nan yaro ya tura a baro zuwa inji. Buntun da ya fito ba ya zubewa, shi muke mayarwa murhu, dusar kuma masu kaji da masu kiwo na jira. A layinmu kaɗai gida nawa ke wannan? Da shi muke aurar da 'ya'ya, da shi muke biyan kuɗin makarantar da kake koyarwa.

Haka kifi. Masunci ya kamo tarwaɗa da karfasa, amma wa ke fasawa, wa ke nannaɗewa a tsinke, wa ke zama gaban banda hayaƙi na cin idonsa? Kwalayen bandar da kuke gani ana lodawa zuwa Kudu daga kasuwar kifi, hannu nawa suka bi? Kuma ba duka daga koginmu suke ba, har daga wajen Yobe da Chadi ake kawowa, domin nan dillalan suke.

Manyan injinan zamani da suka zo, ba na baƙin ciki da su, yaranmu na samun aiki. Amma in sun shiga kasuwa da tirela suna sayen shanshera, mu masu buhu biyu sai mu tsaya kallo, farashi ya wuce mu. Su suna da tukunyar turara tasu da injin tsince tsakuwa, tasu ta fito fes a buhu mai tambari. Tawa ta fi daɗi, ko a gaban wa zan faɗa, amma matar birni ba ta son tsince tsakuwa.

Ɗan Guri:
Inna, Allah ya ja kwana. A nan kam ba ni da ta cewa.

Jikan Dogari:
Inna ta tuna mini. Ko a zamanin da nake ta yabo, ai garin ba da takobi kaɗai ya rayu ba. Akwai marina, akwai masaƙa, akwai majema, kuma zaren da masaƙan ke sakawa mata ne ke kaɗa shi a cikin gida. Na janye rabin maganata.

Mai Taswira:
Rabi kawai?

Jikan Dogari:
Rabi. Har yanzu ba ka gaya mini abin da ya hana Auyo ba.

Malamin Auyo:
Ku bar Auyo ta huta, mu ma yanzu muna da abin nunawa. Madatsar da ke karkatar da ruwa zuwa kanal-kanal na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a ƙasarmu take, kuma nan Shugaba Buhari ya zo ya buɗe aikin bayan gyara a farkon 2023. Shinkafar da injinan Haɗejiya ke ci, da yawa tamu ce. Amma ina da wata tambayar. In kogin ne arzikin garin, me ya sa duk watan Satumba mutanen garin ba sa barci?

Mai Taswira:
Saboda garin ya fito daga inda kakanni suka ajiye shi. Tsohon gari na cikin ganuwa a kan tudu yake. Da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, hedikwata ta tafi Dutse, amma Haɗejiya ta ci gaba da zama babbar kasuwar gabas, cibiyar masarauta mai ƙananan hukumomi takwas. Mutane suka yi ta shigowa, wasu ma ruwa ne ya koro su daga ƙauyuka. Fili ya yi tsada a tudu, aka gangara kwari, aka cike kududdufan da ke shanye ruwan sama aka yi gini. Ga hanyoyin ƙasa sun toshe kamar yadda Ɗan Guri ya faɗa, to in ruwa ya zo da yawa baya yake dawowa. A 2020 da 2022 kowa ya ga abin da ya faru a Auyo da Kafin Hausa da Ringim da Guri da Kirikasamma. Abin da ya tsare cikin garin Haɗejiya jinga ce.

Ɗan Guri:
Da matasa. A 2022 ina garin wurin ƙanwata. Da dare in an yi shela a masallaci, kowa ya fito da buhu da shebur, mai shago da ɗan acaɓa da ɗalibi, ana cika yashi ana toshe inda ta fara tsiyaya, ga fitilar waya, ga ruwa a ɗaya gefen ya fi tsayin titi. Mata na aiko da kunu. Sai dai wani abu da ba a son faɗa: duk ruwan da jinga ta hana shiga gari, wani ƙauyen yake tafiya. Ina cika buhun ina sanin haka.

Bamangen Birniwa:
Mu kuma a arewa, tafiyar awa ɗaya daga nan, rijiya ke ƙara zurfi, yashi na binne gona. Wani na kuka da yawa, wani na kuka da babu, a masarauta ɗaya.

Baba Reluwe:
Yaro, rubuta. Malam, in za ka kai yaran ganin wuri, ka kawo su tasha ina nan da raina. Zan nuna musu inda sikeli yake da inda ake jera gyaɗa. Ƙarfen da aka kafa tankin ruwan jirgi a kai yana nan.

Malamin Auyo:
In sha Allahu Baba. Ga abin da na tsara. Ranar Litinin ba zan rubuta amsa a allo ba. Zan fita da su fili, mu zana kogin a ƙasa da tsinke tun daga Tiga, mu tara yashi a matsayin jigayi, in zuba ruwa a buta su ga yadda yake rabuwa. In sa ɗaya ya toshe wani reshe da ciyawa su ga inda ruwan zai nufa. Daga nan in tambayi kowa sana'ar gidansu, mu ga nawa ne ba su taɓa kogin ba. Ita kuma mai tambayar in ce ta je ta tambayi babarta yadda ake gumi ta zo ta koya mana.

Jikan Dogari:
A sa dutse ɗaya a matsayin fada, don Allah.

Ɗan Kura:
Wa zai riƙe butar? A samo yaro mai adalci, kada a ba irina.

Ɗan Guri:
A ba ɗan masunta.

Inna Mai Gumi:
Malam, in butar roba ce ka huda murfin, ruwan ya fi fita a hankali. Kuma ka yi da sassafe kafin ƙasa ta yi zafi, in ba haka ba tun a Wudil za ta shanye maka shi.